Roza Catska, makauniyar da ta buɗe ma makafi makaranta

A garuruwanmu, in aka ce makaho, abin da yake fara zuwa a ran mutane shi ne sanda da ƙoƙon bara da yaro ɗan jagora. Haka abin yake a ƙasashen Turai da yawa, shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Makaho ba ya zuwa makaranta, ba a koya masa sana'a. In iyayensa talakawa ne, sai ya zauna bakin hanya yana roƙo. In masu dukiya ne, sai su ɓoye shi cikin gida don kunya.

Yau za mu karanta labarin wata mata ƴar ƙasar Polan wadda ta makance tana budurwa. A harshensu ana rubuta sunanta Róża Czacka, ana faɗinsa kusan kamar Roza Catska. Za mu ga aikin da ta yi, sa'an nan mu ga yadda Kiristoci ƴan Katolika suka bincike rayuwarta bayan ta rasu, don su san ko ta cancanci a kira ta waliyyiya.

Ɗiyar gidan sarauta

An haifi Roza ran 22 ga watan Oktoba na shekarar 1876, a garin Bila Tserkwa, wanda yanzu yake cikin ƙasar Yukren. Ku duba taswirar Turai ta wancan lokaci, ba za ku ga Polan ba. Tun 1795 manyan maƙwabta uku, Rasha da Purusiya da Ostiriya, suka raba ƙasar tsakaninsu. Mutanen Polan suna nan, harshensu yana nan, amma mulki yana hannun baƙi. Ku da kuka karanta tarihin mulkin mallaka kun san irin wannan zama.

Gidansu Roza gidan sarauta ne mai gonaki da dawaki da barori. Kakan babanta, Tadeyush Catski, ya kafa wata shahararriyar makaranta a 1805. Ɗan'uwan babanta kuwa kadinal ne, wato ɗaya daga cikin manyan malaman addini masu zaɓen Paparoma. Tana ƴar shekara shida iyayenta suka koma Warso, babban birnin Polan. A gida aka yi mata karatu. Ta iya Faransanci da Jamusanci da Ingilishi, ta kuma iya kaɗa piyano.

Amma tun tana ƙarama idanunta ba su da ƙarfi, ba ta ganin abin da yake nesa. Tana da shekara 18 ta faɗo daga kan doki. A can cikin ido akwai wani siririn bango wanda hoton abin da muke kallo yake faɗawa a kansa. Da Faransanci sunansa rétine. Faɗuwar ta sa wannan bango ya ɓamɓare. Gani ya dinga raguwa kaɗan-kaɗan, har a 1898, tana da shekara 22, ya tafi duka.

Iyayenta suna da kuɗin kai ta wurin duk likitan da suka ji labari, a kowace ƙasa. Sai wani likitan ido na Warso, mai suna Boleslaw Gepner, ya faɗa mata gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya ce mata idon ba zai dawo ba, kada ta bari a yi ta yawo da ita daga wannan likita zuwa wancan. Ya ce gara ta kula da makafin ƙasarta, tun da ba mai kula da su.

Magana ce mai ɗaci. Wani zai ce likitan nan ba shi da tausayi. Ni dai ina ganin ya fi masu lallashi tausayi, don da ya bar ta da dogon buri, da ta ƙare ƙuruciyarta cikin jiragen ƙasa da ɗakunan jira.

Roza ta karɓi shawarar. Ba ta yi gaggawa ba. Ta fara da kanta: ta koyi tafiya cikin gida ba jagora, ta koyi gyara kayanta da lissafin kuɗinta, ta koyi karatu da yatsu. Ta yi wajen shekara goma tana shiri. Ta je Faransa da Ostiriya da Suwis da Jamus, tana ziyartar makarantun makafi, tana tambayar yadda suke aiki.

Ɗigo shida

Kafin mu ci gaba, sai mu san rubutun da ta koya, don shi ne ginshiƙin dukan aikinta.

A 1809 aka haifi wani yaro a ƙauyen Kubre, kusa da birnin Paris. Sunansa Luwi Biray, wanda ake rubutawa Louis Braille. Babansa baduku ne, mai ɗinka sirdi da linzami. Luwi yana ɗan shekara uku ya shiga rumfar babansa yana wasa, basilla ta soke shi a ido. Ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance. Yana da shekara goma aka kai shi makarantar makafi ta Paris. Littattafan da ke can an buga su da manya-manyan baƙaƙe masu tudu, irin namu na boko. Littafi guda sai ya yi nauyi kamar buhu, ga shi yatsa yana daɗewa kafin ya gane harafi ɗaya. Kuma yaro zai iya karantawa, amma ba zai iya rubuta nasa ba.

Wani tsohon soja, Sharl Barbiye, ya kawo ma makarantar wani rubutu na ɗige-ɗige masu tudu, har goma sha biyu a wuri guda. Luwi ya ga dabarar tana da kyau, sai dai ɗigon ya yi yawa, kan yatsa ba ya rufe su a taɓawa ɗaya. Ya rage su zuwa shida. Bai kai shekara 17 ba ya gama tsara rubutunsa, a 1829 kuma aka buga shi a littafi.

Ga yadda yake. Ku ɗauka an haƙa gurabu shida a ƙasa, kamar na dara: uku a hagu, uku a dama. Na hagu, daga sama zuwa ƙasa, su ne 1, 2, 3. Na dama su ne 4, 5, 6. In ɗigo na 1 kaɗai ya taso, harafin a ke nan. In 1 da 2 suka taso, b ne. In 1 da 3 ne, k. In 1 da 2 da 3 ne, l. Da waɗannan gurabu shida ana iya shirya alamu 63 dabam-dabam. Sun isa a rubuta baƙaƙe da wasula da lambobi da aya da waƙafi, har da alamun kiɗa.

Wajen rubutu, makaho yana sa takarda mai kauri cikin wani ɗan allo mai ramuka, ya riƙa danna ta da tsinken ƙarfe. Yana farawa daga dama zuwa hagu, kamar mai rubutun ajami. In ya gama sai ya juya takardar, ya bi tudun da yatsa daga hagu zuwa dama, kamar mai karatun boko. Ku lura da wani abu: tsinken nan ɗan'uwan basilla ne. Irin abin da ya tsone ma Luwi ido shi ya zama alƙalamin makafi.

Luwi ya rasu a 1852. Sai bayan shekara biyu da rasuwarsa hukuma ta yarda a koyar da rubutunsa a makarantar da ya yi karatu.

To, Luwi ya tsara rubutunsa don Faransanci ne. Harshen Polan yana da haruffa tara waɗanda Faransanci ba ya da irinsu, masu wutsiya ko ɗigo ko karan tsaye, kamar ą da ł da ż. Mu ma mun san wannan matsala: in ba a bambanta ɗ da d ba, ko ƙ da k, sai ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Roza da wata abokiyar aikinta, Tereza Landi, suka zauna suka ba kowane harafin Polan alamarsa. Suka kuma shirya gajerun alamu na kalmomin da ake yawan faɗi, don littafi ya rage kauri. A 1934 ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta amince da tsarin, ya zama shi ake koyarwa a makarantun makafi.

Daga gida guda zuwa Laski

A 1910 Roza ta ɗauki hayar wani gida a Warso da kuɗinta, ta tara ƴan mata makafi kaɗan. Tana koya masu karatu da yatsu da saƙa. A 1911 hukumar Rasha ta ba ƙungiyarta takardar izini. Sunanta Ƙungiyar Kula da Makafi, kuma har yau tana aiki. Cikin ƴan shekaru aka samu makarantar ƙananan yara, da wurin koyon saƙar kwanduna da kujeru da yin buroshi, da ofishin da masu ido suke juya littattafai zuwa rubutun ɗigo, shafi bayan shafi, da hannu.

A nan ne ta bambanta da masu taimako na zamaninta. Su suna ganin makaho abin tausayi ne: a ba shi abinci da wurin kwana, a samu lada. Roza ba ta raina sadaka ba, amma ta ce ba ta isa ba. A Faransa ta ga aikin wani makaho mai ilimi, Moris da la Sizeran, wanda ya kafa ƙungiyar taimakon makafi a 1889. Ra'ayinsa shi ne makaho mutum ne mai amfani, in dai an koya masa. Ta riƙe wannan ra'ayi da ƙarfi. Yaro makaho a wurinta zai share ɗakinsa, ya wanke kwanonsa, ya yi lissafi, ya koyi sana'ar da zai ci da kansa. In aikinsa bai yi kyau ba, a faɗa masa ya sake. Ba a cewa “a bar shi, ai makaho ne”. Tun da ita kanta makauniya ce, ba yaron da zai ce mata ba ta san wahalar ba.

A 1915 ta tafi ganin danginta a gabas. Yaƙin Duniya na Farko ya tare mata hanyar komowa. Ta yi shekara uku a garin Jitomir, cikin ɗan ƙaramin ɗaki, ba barori, ba dukiya, don yaƙi da juyin mulkin Rasha sun cinye gonakin gidansu. A can ta yanke shawarar ba da ranta duka ga bautar Allah. A 1917 ta ɗauki alkawarin zuhudu: ba aure, ba dukiyar kanta, da yin biyayya. Ta sa tufafin zuhudu, ta ɗauki sabon suna, Elizabet. Shi ya sa a littattafai za ku ga ana ce mata Uwa Elizabet.

Ta komo Warso a 1918, shekarar da Polan ta sami ƴancin kanta. Ran 1 ga Disamba ta kafa ƙungiyar mata masu zuhudu, masu bin tafarkin Faransis na Asizi, don su yi ma makafi hidima. Wani sabon abu da ta yi shi ne ta buɗe ƙofa ga mata makafi su ma su shiga, su zauna daidai da masu ido.

A 1922 aikin ya koma Laski, wani ƙauye kusa da Warso, a bakin daji. Wani mai gona ne ya ba su fili kyauta, bai kai hekta 3 ba, kuma rairayi ne. Da farko bukkokin katako suka kafa. Sannu a hankali aka gina makarantun yara maza da mata, da ɗakunan kwana, da wuraren sana'a, da ɗakin littattafan ɗigo, da majami'a. Ba makafi kaɗai suke zuwa Laski ba. Marubuta da malaman jami'a, har waɗanda ba su yarda da addini ba, sukan je su zauna kwana biyu, su yi tunani. Uwa Elizabet takan ce akwai makanta iri biyu, ta ido da ta zuciya. Hausawa ma sun san makahon zuciya.

Yaƙi na biyu

A watan Satumba na 1939 Jamus ta auka ma Polan. Jiragen sama suka yi ta zuba bama-bamai a Warso. Gini ya rufto ma Uwa Elizabet, tana da shekara 62. Ta karye, ta ji ciwo ƙwarai a kai, har sai da aka cire mata ido guda. Maganin sa barci ya ƙare a asibitin, haka aka yi mata aikin tana farke. Da ta ji sauƙi ta koma Laski, ta tarar mafi yawan gine-ginen sun rushe. Aka sake farawa.

Daga 1942 wani limamin Katolika, Sitefan Wishinski, ya zauna a Laski yana koyar da yaran. A 1944, da mutanen Warso suka tashi yaƙar sojan Jamus, makarantar ta zama asibitin masu rauni. Ku riƙe sunan limamin nan, za mu sake gamuwa da shi.

A 1948 ciwon shanyewar jiki ya kama ta. A 1950 ta miƙa shugabanci ga wata. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana jinya a ɗakinta kusa da majami'a. Ta rasu ran 15 ga Mayu 1961, tana da shekara 84.

Yadda Katolika suke tabbatar da waliyyi

Yawancinku kun san kalmar waliyyi daga makarantar allo: bawan Allah na ƙwarai, wanda ya kusanci Ubangijinsa. A wurin Musulmi ba wata hukuma da take zama ta ba mutum takardar walittaka. A wurin Kiristoci ƴan Katolika kuwa akwai hanya a rubuce, mai kama da shari'a, da alƙalai da shaidu da takardu. Muna koyon wannan ne don mu san yadda maƙwabtanmu suke yin nasu addini.

Abu na farko da za ku gane: a imaninsu, ba Paparoma ne yake mai da mutum waliyyi ba. Shi dai yana shelar cewa an bincika, an tabbata mutumin nan yana wurin Allah, kuma rayuwarsa abin koyi ce.

Ba a fara binciken sai mutum ya yi shekara biyar da rasuwa. Dalili kuwa, ranar jana'iza kowa mutumin kirki ne. Sai hawaye sun bushe ake sanin wanda mutane suke tunawa da gaske. Paparoma yana da ikon rage wannan jira, amma ba kasafai yake yi ba.

Bishop, wato babban limamin yankin da mutumin ya rasu, shi yake buɗe binciken. Daga ranar ana kiran mamacin “Bawan Allah” ko “Baiwar Allah”. A Hausa kowace mata da ba ka san sunanta ba kana iya ce mata baiwar Allah, amma a nan laƙabi ne na matakin farko. Ana kiran waɗanda suka zauna da shi, su yi rantsuwa, su faɗi abin da suka gani. Ba masoyansa kaɗai ake kira ba, har da waɗanda suka saɓa da shi. Ana tara duk abin da ya rubuta, har wasiƙu da littafin sirrinsa, malamai su karanta su ga ko akwai abin da ya kauce ma addini. Daga nan a ɗaure takardun, a buga masu hatimi, a aika Roma.

A Roma akwai ofishi na musamman a fadar Paparoma. Asalinsa tun 1588 ne. Can ake taƙaita takardun cikin wani babban kundi. Malaman addini su karanta su jefa ƙuri'a, kadinal-kadinal da bishop-bishop su ma su jefa tasu. Akwai wani ma'aikaci wanda aikinsa shi ne neman aibi da kawo shakka. Da can mutane sukan yi masa laƙabi da “lauyan Shaiɗan”. A 1983 Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya sauƙaƙa dokokin, ya rage ƙarfin wannan muƙami. Tambayar da suke amsawa ita ce: ko mutumin nan ya riƙe halaye bakwai fiye da yadda aka saba gani, kuma shekara da shekaru? Halayen su ne bangaskiya, da sa rai ga Allah, da ƙauna, da hankali, da adalci, da ƙarfin zuciya, da kamun kai. In amsar i ce, Paparoma ya sa hannu, a kira shi “Abin Girmamawa”. Mataki na biyu ke nan.

Na uku ya fi wuya, don ba a hannun mutane yake ba. Ana jiran abin al'ajabi. Musulmi sukan ce mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai. Kiristoci masu jin Hausa sukan ce al'ajabi ko mu'ujiza. Yawanci warkewa ce daga ciwo mai tsanani, bayan an roƙi Allah albarkacin mamacin. A imaninsu Allah ne mai warkarwa, waliyyi mai taya roƙo ne kawai. Kafin malaman addini su ce komi, sai an ba taron likitoci takardun asibiti. Su ba a tambayarsu zancen addini. Ana tambayarsu ne: ciwon na gaske ne? Warkewar ta zo da sauri? Ta cika? Ta ɗore? Ilimin likita zai iya bayyana ta? In likitoci bakwai suka zauna, sai biyar sun ce ba su da bayani kafin a wuce gaba. In aka wuce, sai a yi babban biki a kira mutumin “Mai Albarka”. Wanda aka kashe saboda addininsa ba a nema masa al'ajabi a wannan mataki.

Mai Albarka ana girmama shi ne a ƙasarsa ko cikin ƙungiyarsa. Kafin ya zama waliyyi na dukan Katolikan duniya, sai an sami al'ajabi na biyu, wanda ya faru bayan bikin farko, a kuma sake bin likitoci da malamai daga tushe.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wani limami ɗan Italiya, Filipo Simaldone, wanda ya ba da ransa ga koyar da kurame, ya rasu a 1923. An kira shi Mai Albarka a 1996, waliyyi a 2006. Bakita, ƴar Darfur ta ƙasar Sudan, wadda aka sace tana yarinya aka sayar da ita baiwa, ta rasu a 1947, ta zama waliyyiya a 2000. Wasu kuwa suna tsayawa a mataki na biyu shekara ɗari ko fiye.

Luwi Biray ba ya cikin wannan jeri. Ƙasarsa ce ta girmama shi ta wata hanya. A 1952 aka kai ƙasusuwansa Panteyon, makwancin manyan mutanen Faransa a Paris. Amma mutanen Kubre suka roƙa a bar masu hannuwansa, kuma aka bar masu.

Ina Uwa Elizabet ta kai?

An buɗe bincikenta a Warso a watan Disamba na 1987, shekara 26 bayan rasuwarta. Aikin shaidu da takardu ya ci har 1995, kafin aka aika Roma. Ran 9 ga Oktoba 2017 Paparoma Faransis ya sa hannu, ta zama Abin Girmamawa.

Al'ajabin da aka bincika ya faru ne a 2010. Wata yarinya ƴar shekara bakwai a Polan tana wasan lilo, sai gungumen lilon ya karye ya faɗo mata a kai. Ƙwaƙwalwarta ta ji rauni ƙwarai. Likitoci suka ce ko ta mutu, ko ta rayu ba gani, ba ji, ba motsi. Danginta da matan zuhudu na Laski suka yi ta roƙon Allah albarkacin Uwa Elizabet. Bayan sati biyu yarinyar ta fara farfaɗowa. Daga baya ta fita asibiti da ƙafafunta, ta koma makaranta. Likitocin Roma suka duba takardun, suka ce ba su da bayani. A watan Oktoba na 2020 Paparoma ya amince.

Ran 12 ga Satumba 2021 aka yi bikin a Warso. Mutum biyu aka kira Masu Albarka a ranar: Uwa Elizabet, da limamin nan da ya fake a Laski lokacin yaƙi, Sitefan Wishinski, wanda daga baya ya zama kadinal kuma shugaban Katolikan Polan. Ana tunawa da ita kowace shekara ran 19 ga Mayu. Har lokacin da aka rubuta wannan darasi tana mataki na uku, ana jiran al'ajabi na biyu.

Makarantar Laski tana nan tana karɓar yara makafi, daga ƴan ƙanana har masu koyon sana'a. Matan ƙungiyarta sun buɗe wasu makarantun a Indiya da kuma Kibeho, cikin ƙasar Ruwanda. A Yamai ma akwai makarantar yara makafi, inda ake karatu da ɗigo shidan nan.

Kalmomi

makaho, makauniya : aveugle
zuhudu : vie religieuse
Bawan Allah : Serviteur de Dieu
Abin Girmamawa : Vénérable
Mai Albarka : Bienheureux
waliyyi, waliyyiya : saint, sainte

Tambayoyi

1. Mi likita Gepner ya faɗa ma Roza? A ganinku ya kyauta? Ku kawo dalili.
2. Don mi Luwi Biray ya rage ɗigon daga 12 zuwa 6?
3. Mi ya bambanta aikin Roza da na masu ba da sadaka kawai?
4. Don mi ake jiran shekara biyar kafin a buɗe bincike?
5. Shekara nawa ke tsakanin rasuwar Uwa Elizabet da ranar da aka kira ta Mai Albarka?
6. Akwai yaro makaho ko kurma a unguwarku? Yana zuwa makaranta? In ba ya zuwa, ku tambayi iyayenku dalili, ku kawo amsa gobe.

Aiki

Ku fita fili biyu-biyu. Kowa ya haƙa gurabu shida a rairayi, sau huɗu, a jere. Ku sa tsakuwa a gurbin da ɗigo ya taso, ku rubuta baba, ko kaka, ko laka. Abokinka ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ya karanta da yatsa. In ya gane, ku sauya: shi ya rubuta, kai ka karanta.